Gargaɗi ga masu kaɗa jita: an cinye mini naira 63,500 a kan kunnuwa masu kulle na jabu

Kwana uku ke nan ina rubuta wannan ina gogewa saboda kunya, amma yau sai na faɗa. Naira 63,500. Dubu 48 kuɗin kunnuwan (waɗanda ake murzawa a kan jita a saita tsirkiya), 3,500 kuɗin mota daga Legas zuwa Kaduna, sai wata dubu 12 da na ƙara wa mai sayarwar da hannuna bayan na riga na ga alama. Wannan dubu 12 ita ce ke hana ni barci.

Kada wani ya ce mini sabon shiga ne ni. Shekara tara ina kaɗa jita a bukukuwa da situdiyo, ni nake sauya tsirkiyata, ni nake saita kayana. Na san yadda lokin tuna, wato kunnuwa masu kulle, ke aiki: ka zura tsirkiya a ramin turken (ɗan sandan ƙarfen kunnen da ke riƙe ta), ka ja ta miƙe, ka murza ɗan faifan da ke baya, wani ɗan fil ya taso daga ciki ya danne ta, shi ke nan. Ba a nannaɗe ta zagaye uku ko huɗu kamar a tsofaffin kunnuwa, ko zagaye ɗaya ba ya cika. Na taɓa na kamfanin Sperzel a jitar wani abokina, na san nauyin abu mai kyau a hannu. To ta yaya aka yi ni?

Bidiyo mai sayarwar ya turo mini. Wallahi har yanzu ina ganin bidiyon nan a idona. Kwali mai tambarin Gotoh, an rubuta ƙirar Japan, yana juya kunnen a hankali a ƙarƙashin fitila, yana cewa, "Oga, kai ma'abocin abu ne, ba sai na yi maka dogon bayani ba." Ya tambaye ni ko ramukan kan jitata milimita 10 ne, kada in saya su ƙi shiga. Wane ɗan damfara ne zai damu da faɗin rami? Wannan tambayar ce ta kwantar mini da hankali. Ina tsaye a bakin shagon mai POS na tura dubu 48, har na ce masa Allah ya ƙara kasuwa.

Ranar Asabar muna tsakiyar biki, amarya na shigowa, ƙaramar tsirkiya ta ce tas. Ita ce ta huɗu a mako guda. A'a, ta biyar, domin tun daren da kayan suka iso biyu suka tsinke ina ɗaurawa, ban ma kai ta ga sautinta ba. Duk a wuri ɗaya suke tsinkewa, daidai bakin ramin turken, ba a wajen jaki ba (inda tsirkiya ke hawa a jikin jitar), ba a tsakiya ba. Duk makaɗi ya san inda tsirkiya ta tsinke nan ciwon yake. Na sani, amma na zaɓi in yarda da shi.

Domin tun ranar Talata na kira shi, kafin bikin. Ya ce laifina ne, na cika matse faifan. Kuma gaskiya ne matsewa da ƙarfi tana cin siririyar tsirkiya, musamman mai lamba 9 ko 10, shi ya sa da yatsu biyu ake murzawa, ba da filaya ba. Da yatsu biyu na murza. Na rantse masa. Sai ya sassauta murya: "Ɗan'uwa, ai irin waɗannan kunnuwan suna da tsirkiyarsu ta musamman, saura fakiti biyu a wurina, kawo dubu 12." Babu wata tsirkiya ta musamman ta lokin tuna a duniya. Ernie Ball ko D'Addario da kowa ke sawa su ake sawa. Na san haka! Amma biki na gabana, na riga na zuba dubu 48 da 3,500, zuciyata na son maganarsa ta zama gaskiya. Na tura. Har yau ko tsirkiya ɗaya ba ta zo ba.

Bayan bikin na kai jitar wurin wani dattijo mai gyara, ya kwance turke ɗaya ya haska da tocilar waya. Ya ce, "Yaro, sa farcenka a nan." Bakin ramin kaifi gare shi kamar reza, ba a goge shi ba ko kaɗan, fil ɗin kuma kansa tsini ne maimakon ya zama mai laushin baki. Ya ɗan kankare jikin, fentin azurfar ya ɓare, wani baƙin ƙarfe mara nauyi ya fito. Ba kayan da ke cikin bidiyon ba ne, ko kusa. Kamfanin da aka manna sunansa a kwali ba shi da hannu, sunansa kawai aka sata. Dattijon ya goge huɗu da samfefa mai laushi, biyu kuwa ya ce zaren cikinsu ya riga ya cinye, ba su gyaruwa.

Na tura wa mai sayarwar hotuna, ya karanta. Ya ce zai mayar mini ranar Litinin. Litinin ya ce ɗansa na asibiti, ni kuma har addu'a na yi wa yaron. Laraba hotonsa ya ɓace a WhatsApp, shafinsa na Facebook ya sauya suna, yanzu wai amfilifaya yake sayarwa. Naira 63,500, kuɗin bukukuwa uku, ga kunyar tsayawa a gaban jama'a da jita mai tsirkiya biyar.

Ina da komai: rasit ɗin turawa biyu, saƙonnin muryarsa, bidiyon, da hoton turken da aka kwance. Zan ɗora su yau da dare in na rufe lambar asusuna, kuma na riga na kai ƙorafi banki.

Kada ku biya kafin kaya ya shiga hannunku. Ku shafa bakin ramin da farce kafin ku ɗaura, in ya kama, ku mayar. Duk wanda ya ce muku akwai tsirkiya ta musamman, ku kashe wayar. Wanda kuma wannan mutumin ya taɓa yi wa irin haka, ya yi mini magana ta akwati, mu haɗa rasit mu je tare.