Atikuleta da bakan fuska: wanne mai gyaran jerin haƙora zai saya?

Kafin ka ciro kuɗi, tambayi mai yi maka aiki a leb (ɗakin haɗa kayan haƙora) irin atikuletar da ke kan teburinsa, wato na'urar da ake ɗaura samfurin haƙoran sama da na ƙasa a kanta don kwaikwayon motsin muƙamuƙi. Bakan fuska (abin da ke ɗauko matsayin muƙamuƙin sama ya kai kan atikuleta) na wani kamfani ba kasafai yake hawa na'urar wani ba, haka ma farantan ɗaura samfuri. Idan shi ta kamfanin SAM yake da ita, kai kuma ka kinkimo kayan kamfanin Whip Mix, an yi ba a yi ba.

Mafi arha ita ce mai buɗewa da rufewa kamar ƙyauren ƙofa. Za ta riƙe maka samfurin sama da na ƙasa, shi ke nan. Daga ita sai mai matsakaicin awo, wadda aka kafe gangaren gaɓarta (mai wakiltar gaɓar muƙamuƙi) a wajen digiri 30, aka gina ta kan alwatikan Bonwill (wanda ya haɗa gaɓoɓin muƙamuƙi biyu da tsakiyar haƙoran gaba na ƙasa) mai kusan santimita 10 a kowane gefe. Kuɗin goro take yi wa kowa, alhali muƙamuƙin wani ba na wani ba ne.

Inda nake ganin kuɗi ya ci gida shi ne wadda ake iya saita wasu sassanta: gangaren gaɓa da kusurwar Bennett, wato yadda muƙamuƙi ke zamewa gefe. Iri biyu ce. A irin da ake kira akon, ƙwallon gaɓar yana jikin ɓangaren ƙasa, ramin da yake yawo a ciki yana sama, kamar dai a ƙoƙon kan mutum. Amfaninsa kuwa, idan ka zare kakin da ka ɗauki cizo da shi ka rufe na'urar, kusurwar da ke tsakanin hanyar gaɓa da haƙoran sama ba ta sauyawa. A wadda ba akon ba, takan sauya. Sai dai akon na da halin rabuwa biyu a hannu, don haka ka kulle makullin tsakiya da ke riƙe ɓangarorin biyu ka girgiza ta. In ka ji ƙwas-ƙwas, ajiye.

Mai cikakken saiti fa? Tana neman awon fantogiraf (na'urar zana motsin muƙamuƙi) da dogon zama da majiyyaci, ga tsada. Haƙoran da kai da kanka za ka yi shekara ɗaya ko biyu kana matsar da su, me wannan awon zai ƙara maka?

Bakan fuska kuma, kada a rikita shi da bakan ƙarfen nan da ake haɗawa da maɗaurin kai don tura turame baya. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Na atikuleta, wanda George Snow ya fito da shi a 1899, yana ɗauko matsayin muƙamuƙin sama dangane da gaɓa ya kai kan na'ura. Mai shiga ramin kunnuwa ya dogara a karan hanci ya ishi aikin yau da kullum. Duba abu biyu: cokalin cizo (farantin da majiyyaci ke cizawa) kada ya zame yayin da kake ɗaure noti, kuma ya zama ana iya cire sandar cokalin ita kaɗai a aika leb, bakan ya zauna a asibiti.

Ronald Roth, wani ƙwararren mai gyaran jerin haƙora, da almajiransa sun dage cewa a ɗaura samfurin kowane majiyyaci a atikuleta, kuma kamfanonin Panadent da SAM suna da na'urorin auna matsayin gaɓa don wannan. Wasu ƙwararrun ba su yarda cewa hakan na sauya sakamako ba. Ni dai na fi ganin wajibcinsa a shirin tiyatar muƙamuƙi, da fuskar da ta karkace, da cizon da ke zamewa kafin haƙora su zauna. In kana da na'urar sikanin baki mai atikuleta a kwamfuta, guda ɗaya ta hannu ta wadatar, amma ka nemi mai farantan maganaɗisu, ka kuma tabbatar za a iya daidaita awonta da ta leb ɗinka.