Saƙo daga Landan kan aikin ƙarin mahaifa

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya ke da Alhaji da yara, ga bayanin da na yi miki alkawari a kan aikin da aka yi mini, tunda kin ce hoton ciki ya nuna ƙari a mahaifar 'yarmu.

Abin da ya fi burge ni a nan shi ne likitar mata ba ta fara da zancen wuƙa ba. Sai da ta duba hoton MRI, ta ƙirga ƙarin, ta auna girmansu da inda kowanne ya zauna, sannan ta tambaye ni ko ina da sauran burin haihuwa. Wanda ya tsiro a cikin kogon mahaifa ana iya kankare shi ta bakin mahaifa da siririyar na'ura mai kyamara, mace ta koma gida a ranar. Wanda yake jikin bango ko waje kuwa, idan bai yi girma da yawa ba, ana fitar da shi ta ƙananan huji uku ko huɗu a ciki, a warke cikin mako biyu zuwa huɗu, maimakon kusan mako shida na babbar tiyata irin wadda aka yi wa Inna.

Ni da na haura arba'in, kuma na gama haihuwa, na zaɓi toshe jijiyoyin da ke shayar da ƙarin, dabarar da likitocin Faransa suka fara bayyanawa a 1995. Idona biyu aka zura siririn bututu ta jijiyar matsematsina, aka tura wasu ƙwayoyi ƙanana kamar rairayi, jini ya daina isa ga ƙarin, ya yi ta motsewa a hankali cikin watanni. Ba zan ɓoye miki ba, daren farko na sha ciwon mara mai tsanani, amma kwana ɗaya na yi a asibiti, kuma zubar jinin da ta ƙarar da ni ta ragu ƙwarai.

Kada ki ɗauka kyauta ce zalla. Ba a karɓi ko kwabo a hannuna ba, ba a kuma ce in kawo 'yan uwa su ba da jini kamar yadda ake yi a gida ba, amma mai biza irina yana biyan fam 1,035 duk shekara kuɗin kiwon lafiya. Ga jira kuma: sai likitan unguwa ya tura ki, sannan ki shafe watanni a layi, alhali a Kano mai kuɗi a hannu yana iya ganin ƙwararren likita cikin mako guda.

Game da 'yarmu, toshe jijiya ba shi ne zaɓin farko ga wadda ke neman haihuwa ba, cire ƙarin a bar mahaifa shi likitoci suka fi so. Aikin huji ana yin sa a wasu manyan asibitocin Nijeriya, don haka ku tambayi likitanta ko nata zai yiwu ta wannan hanya. Don Allah ku ajiye jiƙe-jiƙen da ake tallatawa a Facebook wai suna narkar da ƙari, domin jinkirin da suke jawowa ne ke sa ya girma har ya wuce huji. A auna jininta a wannan makon, ki turo mini sakamakon hoton.