Boris ɗin fankar tanderu: sabo, gwanjo ko mai araha?

Ƙanena yana narka ƙarfe a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera a Kumasi ta Ghana, kuma sau uku ya canja boris ɗin fankar da ke zuga tanderunsa a damina ɗaya. Kullum dai alamar ke nan: gurnani, sai gidan boris ya ɗau zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Da ya ce min, "Yaya, wanne zan saya yanzu?" sai na ce ya kawo mataccen mu karanta jikinsa tukuna.

Abin da aka rubuta a zoben shi ne farkon ciniki. In ka ga 22220, boris ne mai layi biyu na 'ya'ya masu siffar ganga, wanda ke jure shaf (sandar ƙarfen da ke juyawa a cikinsa) ko da bai zauna daidai sosai ba. Lambobi biyu na ƙarshe ka ninka su sau biyar, ramin ya zama milimita 100. Sai C3 da ke biye, wanda yawancinmu ba ma kula da shi. Ma'anarsa an bar sarari a ciki fiye da na kullum. Kusa da wuta zoben ciki yana kumbura, in babu wannan sararin sai 'ya'yan su matse, giris ya ƙone, boris ya cije. Duk ukun da ƙanena ya sa babu mai C3.

Sabo na asali, SKF ko FAG ko NSK ko Timken, tsadarsa na da zafi, amma shi nake zaɓa wa fanka mai gudu dare da rana. Ka saya wurin dillalin da kamfani ya amince da shi, ka karɓi rasit, domin jabu ma da kwali mai sheƙi yake zuwa. SKF na da manhajar waya, SKF Authenticate, da ake tura hoto su duba.

Gwanjo ban raina shi ba. A wurin da juyi ke tafiya a hankali, kamar ƙafar amalanken kwasar ƙarfe, gwanjo na asali ya fi sabon jabu nesa ba kusa ba. Sai dai a wanke shi da kananzir a duba hanyar 'ya'yan. In akwai ƙananan ramuka, ko launin shuɗi na ƙuna, ko layuka jere kamar haƙoran matsefi (wutar walda ce ta ratsa shi), ajiye musu kayansu.

Mai arahar da ba a san asalinsa ba kuwa, a bar wa baro.

Abin da ya fi ci min rai shi ne a sayi mai kyau a kashe shi ranar ɗaurawa, da guduma ko wutar gas. A ɗumama shi cikin mai, kada ya wuce digiri 110, ya shige shaf da kansa. A kuma ware kuɗin giris mai jure zafi, don na litiyam da aka saba yana sarewa wajen digiri 120.