Fetur mai tsada ko na gama-gari: wanne motarka take buƙata?

Wanda ya taɓa tsayawa gidan mai a Saudiyya ya san famfo biyu ne aka fi gani a can, 91 mai launin kore da 95 mai launin ja. A Dubai uku ne, 91 da 95 da 98. A Gana ma manyan gidajen mai suna sayar da na gama-gari da kuma mai lamba 95 a kan farashi mafi tsada. Mutum kuwa in yana ƙaunar motarsa, zuciya sai ta raya masa cewa mai tsadar ya fi ƙarfi, ya fi daɗewa a tanki, zai kuma sa mota ta tashi kamar sabuwa. Ga yawancin motoci ba haka abin yake ba.

Lambar da ke jikin famfon, wadda ake kira octane, ba ƙarfin mai take aunawa ba. Tana auna juriyarsa ne, wato yadda zai iya daure matsi da zafi a cikin injin ba tare da ya kama da wuta da kansa ba. Fistan yana matse iska da fetur, fulogi ya kyasta, wutar ta bazu a tsanake ta tura fistan ƙasa. Idan man ba shi da juriya, ragowar da wutar ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa kafin lokaci. Shi ne wannan ƙarar ƙyal-ƙyal da ake ji, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman in mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu da babbar giya a tsakar rana. In ta daɗe tana yi, fistan da fulogi ne ke ɗanɗana kuɗarsu.

Injin da aka ƙera da matsi mai yawa, ko mai turbo, wato na'urar da ke cusa wa injin ƙarin iska, shi ne galibi ke neman mai mai juriya. Wanda aka ƙera da matsakaicin matsi ba ya kai man gama-gari bango, balle ya nemi ƙari. Ka zuba masa 98, zai ƙona shi daidai yadda yake ƙona 91. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada wannan a 2016 a kan motocin da aka yi don man gama-gari, ba ta ga wani ƙarin gudu ko ragin shan mai na a zo a gani ba. Ta ƙiyasta cewa direbobin ƙasar sun zubar da sama da dala biliyan 2 a shekara guda wajen sayen mai tsadar da motocinsu ba sa buƙata.

Kafin ka yanke shawara, buɗe murfin tanki ka duba cikinsa, ko ka buɗe littafin motar in har dillali bai yar da shi ba. A nan ne masu sayen tokumbo suke ruɗewa, don Amurka da Turai ba ma'auni ɗaya suke amfani da shi ba. Lamba 87 ta Amurka ita ce wajen 91 a ma'aunin RON da Turai da ƙasashen Larabawa da Afirka suke bi, 91 ɗinsu kuma ya kai wajen 95. To Camry ko Corolla ko Accord da ta fito daga Amurka da 87 a littafinta, 91 ɗin nan ya ishe ta har ta tsufa. Amma Marsandi ko BMW da aka rubuta mata 91 a can, 95 take nufi a nan.

Sai ka lura da lafazin kamfanin da ya ƙera motar. In ya ce mai babbar lambar wajibi ne, to ka bi, babu ja-in-ja. Motocin zamani suna da na'urar da ke sauraren wannan ƙara, da zarar ta ji sai kwamfutar motar ta jinkirta kyastun fulogi don ta kare injin. Motar za ta tafi, amma ta yi nauyi, ta ƙara shan mai, kuma a zafin watan Afrilu da kaya a but wannan kariyar tana da iyaka. In kuwa shawara ce kawai kamfanin ya bayar, a nan lissafi ke shigowa. AAA ta sake gwaji a 2017 a kan irin waɗannan motoci, ta samu ragin shan mai da bai kai kashi 3 cikin 100 ba a matsakaici, ƙarin ƙarfi kuma bai kai kashi 2 ba. Idan bambancin farashin lita ya kai kashi 10, kai ne da asara. Ni dai a irin wannan mota sai in za a yi doguwar tafiya da lodi nake ganin ya dace a sayi mai tsadar.

Akwai masu cewa mai tsadar yana wanke injin. Da ɗan ƙamshin gaskiya, domin wasu kamfanoni suna ƙara masa sinadarin da ke hana datti taruwa a injekta da bawul. Sai dai aikin sinadarin ne, ba na lambar ba. Kuma tanki ɗaya ba zai gyara motar da fuloginta suka mutu ko filtarta ta toshe ba. Babur na yau da kullum da Keke Napep da ƙaramin janareto kuwa ba su da wata harka da wannan zance.

A Najeriya batun ya sha bamban, don a yawancin gidajen mai famfon fetur ɗaya ne, lambarsa wajen 91, zaɓi bai taso ba. Abin da ke kashe mota a nan shi ne gurɓataccen mai. Mutane ba su manta da watan Fabrairun 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai sinadarin methanol fiye da ƙima, motoci suka lalace, layi ya dawo gidajen mai. Na jarkar 'yan bumburutu ma in an sirka shi da kalanzir, juriyarsa faɗuwa take yi warwas, ga ruwa da ƙasa da ke kwance a gindin jarka. Gidan mai mai yawan ciniki, wanda mansa ba ya daɗewa a ƙasa, ya fi maka alheri.

Mai shirin sayen motar da littafinta ya wajabta 95 ko 98 alhali a Kano ko Damagaram zai riƙa hawanta, ya tambayi kansa inda zai riƙa samun man tun kafin ya biya kuɗin. 'Yan kwalaben ƙara octane da ake sayarwa a shagunan kayan gyara, da yawansu abin da suke ƙarawa a cikakken tanki bai taka kara ya karya ba, kuma sayensu a kowane cikon tanki wani kashe kuɗi ne da ya kamata ya shiga lissafi.