Kirikou ko Les Enfants du ciel: wanne za a kunna in Inna tana zaune?

Hajiya, kin ce yaron da ke tura fina-finai a bakin kasuwa ya sa miki guda biyu a memori, Kirikou da wani na ƙasar Iran mai suna Les Enfants du ciel, kuma kina neman wanda za ku kalla gaba ɗayanku a hutun lakwal ɗin nan, ke da Alhaji da yara huɗu da surukarki Inna, ba tare da wani ya tashi daga tabarma ba. Duka biyun mun kalle su a gidanmu nan unguwar Zariya, Kirikou ma ya fi sau biyar. Ga abin da na gani.

Kirikou shi yara za su fara nunawa da yatsa, kuma ba su yi laifi ba. Zane ne, ya fito a 1998, wani Bafaranshe Michel Ocelot ya yi shi, mutumin da ya yi ƙuruciyarsa a ƙasar Gine. Kiɗan na Youssou N'Dour ne, muryoyin kuma a Dakar aka ɗauke su, shi ya sa Faransancin ke shiga kunne da sauƙi, irin na malaman lakwal ɗinmu ne, har ɗan CP, wato ɗan ƙaramin ajin firamare, yana tsintar rabinsa. Labarin jariri ne da ya yi magana tun yana ciki, ya faɗo duniya ya tarar da ƙauyensu cikin ukuba: wata matsafiya Karaba ta ƙafar da idon ruwansu, ta ƙwace zinariyar mata, mazan da suka je yaƙarta ba wanda ya komo. Duk wanda ya tashi da tatsuniya a bakin kakarsa zai ji kamar a gida yake. Da muka zo inda yaron ya kutsa cikin dutse ya iske dodon da ke shanye ruwan gari, babban ɗana ya ce ai wannan macijin rijiyar Kusugu ne na Daura.

Abin da ya riƙe ni ni babba kuwa tambayar yaron ce. Kowa a garin ya yarda Karaba muguwa ce, shi kaɗai ya nace sai ya san abin da ya mai da ta haka. Sai da ya kai ga kakansa a cikin dutse ya ji cewa wasu maza ne suka danne ta suka soka mata ƙaya mai dafi a gadon baya, inda hannunta ba ya kai, dare da rana tana cikin azaba. Yaro zai ɗauka ƙaya ce kawai. Mace da ta ga jiya ta ga yau ta san abin da ake nufi, kuma na daɗe ina juya wannan a raina bayan an kashe tele.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Matan ƙauyen duk zane kawai suka ɗaura a ƙugu, ƙirji a buɗe, daga farkon fim har ƙarshensa, shi kuma Kirikou ko bante babu. An nemi mai fim ɗin ya rufe su don a samu kasuwa a waje, ya ƙi, ya ce haka mutanen suke a zamanin da yake ba da labari. Ba batsa ya nufa ba, wannan a fili yake. Sai dai nan Maradi ne, kuma kin san Inna. Minti biyar ba za a yi ba za ta ja mayafi ta ce barci take ji, Alhaji ya tuna yana da magana da maƙwabci a ƙofar gida. A ƙarshen ma akwai inda matsafiyar ta sumbaci yaron ya rikiɗa ya zama saurayi, suka koma gari da maganar aure. Ga gumaka masu tafiya da tsafi, waɗanda ƙaramata mai shekara huɗu ta yi kwana biyu tana mafarkinsu.

Na Iran ɗin ba zane ba ne, mutane ne, kuma in kin ga hoton bangonsa za ki ce yara ba za su zauna ba. Majid Majidi ya yi shi a 1997, shi ne fim ɗin Iran na farko da ya shiga sahun ƙarshe na takarar Oscar, babbar kyautar fina-finai ta Amurka. Duk labarin a kan takalmi ƙafa ɗaya yake. Ali, ɗan shekara tara, ya karɓo takalmin ƙanwarsa Zahra daga wurin mai gyara, ya ajiye shi a ƙofar shago ya shiga sayen dankali, mai kwasar tarkace ya haɗa da shi bai sani ba. Ubansu ana bin sa kuɗin haya na watanni, uwarsu ba lafiya. Yaran suka ga ba bakin faɗa. Suna zaune gaban iyayen suna aikin gida, sai suka riƙa rubuta wa juna saƙo a littafi suna turawa, har suka shirya: ita tana zuwa makaranta da safe, shi da rana, saboda haka za ta sa nasa, in an tashi ta sheƙo da gudu su yi musanya a lungu, shi ma ya sheƙa.

Ba sai an yi wa ɗan Maradi bayanin wannan ba. Wane gida ne ba a taɓa gadon takalmi ko rigar lakwal daga wa zuwa ƙane ba? Yarana da nake tsoron za su gaji, su ne suka miƙe tsaye suna ihu lokacin da takalmin ya faɗa kwata ruwa ya tafi da shi, yarinyar tana bin sa.

Wuri biyu ne suka sa na ce wannan na manya ne kamar yadda yake na yara. Na farko, uban yana zaune yana fasa dunƙulen sukari na masallaci, tsibi guda a gabansa, aka kawo masa shayi, ya ce a ɗebo masa sukarin gida, wannan amana ce ba nasu ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, haka yake da kuɗin jama'a, kuma ban taɓa samun hanyar nuna wa yarana halinsa ba sai a wannan daren. Na biyu, Zahra ta hango takalminta a ƙafar wata yarinya a makaranta, ta kira yayanta suka bi ta har gida da niyyar karɓa. Da suka ga uban yarinyar makaho ne, suka dubi juna suka juya, ba wanda ya ce uffan. Ba wa'azi, ba kiɗa mai sa kuka. Maigidana da ya zauna da niyyar duba wayarsa, a nan ya kife ta.

Daga baya aka sa gasar gudu ta ƴan makaranta, kyautar na uku akwai sabon takalmi a ciki. Ali ya roƙi malami da hawaye a sa sunansa, ya yi wa ƙanwarsa alkawari zai zo na uku, ba na ɗaya ba. Yadda ta kaya ba zan faɗa miki ba.

Matsalarsa harshe. Wanda muka samu da Farisanci yake, da rubutun Faransanci a ƙasa, kuma ki duba naki tun da rana kada a zauna a tarar rubutun na Ingilishi ne ko babu shi sam. A nan Kirikou ya fi shi nesa ba kusa ba. Amma maganar da ke cikinsa kaɗan ce, ido ke ba da labarin, kuma in kina da ɗan CM2, ajin ƙarshe na firamare, ko na kwaleji sai ki zaunar da shi kusa da Inna ya riƙa juya mata da Hausa. Mu haka muka yi, yarinyar da ta yi fassarar har yau tana alfahari da ita. Kuma mata a ciki da lulluɓinsu, ga masallaci, ga gaisuwa da girmama na gaba, babu inda hannunki zai kai ga rimot. Sai dai ɗan ƙasa da shekara biyar zai iya yin barci a tsakiya, wajen da uban da Ali suka hau keke zuwa unguwar masu kuɗi ta Tehran neman aikin lambu, don wurin yana da ɗan ja.

Tsawonsu bai bambanta sosai ba: Kirikou awa ɗaya da kusan kwata, ɗayan awa ɗaya da rabi. Kowanne zai shiga tsakanin sallar isha'i da lokacin kwanciya, in wuta ta tsaya.

Da ni ce ke, daren da kowa ke gida Les Enfants du ciel zan kunna. Kirikou kuma kada ki goge shi. Ki fara kallonsa ke kaɗai, in ranki ya kwanta da shi ki sa wa yaran da hantsi, kina kusa, don za su tambaye ki wa ya soka wa Karaba ƙaya da dalilin da ya sa, kuma gara amsar ta fito daga bakinki. In kun kalli na Iran ɗin, don Allah ki gaya mini abin da Inna ta ce a wurin sukarin nan.