Gargaɗi kan masanan haya a harkar kirifto

Ina jan hankalin jama'a, musamman waɗanda ake tsoma lambobinsu a zaurukan WhatsApp da Telegram na zuba jari a kirifto (kuɗin intanet irin su Bitcoin), game da dabarar da 'yan damfara suka fi cin kasuwa da ita, wato gabatar da wani mutum a matsayin masani wanda zai tsaya wa manhajarsu. Za a ce injiniyan kwamfuta ne ko farfesa, a sanya hotonsa da kwat yana jawabi, sannan ya riƙa aiko da saƙon murya kowace safiya yana cewa ya binciki tsarin ciki da bai kuma ya gamsu.

Yawancinmu ba ma iya karanta rubutun da aka gina manhaja da shi, saboda haka mutumin muke aunawa, mu bar masa auna manhajar. Wannan ba abin kunya ba ne, domin haka muke yi da likita. Sai dai likita yana da hukumar da ta ba shi lasisi, wadda za ta iya karɓe shi idan ya ci amana, alhali masanin zaure babu mai tuhumarsa, kuma galibi yana da kamasho a kan duk wanda ya yi rajista ta hannunsa.

Labarin OneCoin, wani kamfani da ya riƙa sayar da kuɗin kirifto na bogi, ya isa misali. Ruja Ignatova, haifaffiyar Bulgeriya, ta kafa shi a 2014 tare da Karl Sebastian Greenwood, kuma takardunta na gaske ne, domin tana da digirin digirgir a fannin shari'a, ta yi karatu a Oxford, ta yi aiki a McKinsey, babban kamfanin ba da shawara kan kasuwanci. A watan Yuni na 2016 ta tsaya gaban dubban mutane a Wembley Arena da ke Landan tana cewa kuɗinta zai binne Bitcoin. A cikin shekarar ne aka nemi wani ƙwararre ɗan Norwe, Bjorn Bjercke, ya zo ya gina wa kamfanin bulokcen, wato kundin da ake rubuta kowane ciniki a cikinsa kowa yana gani. A nan ya gane cewa kamfanin ya kusa shekara biyu yana sayar da kuɗin da ba shi da wannan kundi, sai ya ƙi aikin, daga baya ya fito ya faɗa wa duniya. Farashin da mambobi ke gani yana hawa a wayoyinsu kuwa, kamfanin ne ke rubuta shi da kansa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda masu zuba kuɗin suka auna mutanen biyu. Wadda ke karɓar kuɗinsu suka gaskata, saboda rigunanta da takardunta da yawan taronta, shi kuwa wanda ya bar albashi mai tsoka don ya faɗi gaskiya, da sauran masu suka irinsa, sai aka koya musu su kira su mahassada. A watan Oktoba na 2017 Ignatova ta hau jirgi daga Sofiya zuwa Atina ta ɓace. Masu gabatar da ƙara na Amurka sun ce an kwashe sama da dala biliyan 4. A 2022 hukumar FBI ta sanya ta cikin mutum goma da take nema ruwa a jallo, a 2023 kuma aka yanke wa Greenwood ɗaurin shekara 20.

Kada a ɗauka cewa saɓanin masana alamar ha'inci ne. Masu gina Bitcoin sun shafe shekaru suna musu mai zafi kan yawan cinikin da ya kamata kowane shafi na kundin ya ɗauka, har wani sabon kuɗi mai suna Bitcoin Cash ya ɓalle daga Bitcoin a watan Agusta na 2017, amma rubutun manhajar a buɗe yake, kowane ɓangare yana iya duba hujjar ɗaya. Wurin da ya kamata a ji tsoro shi ne inda duk masanan ke magana da murya ɗaya, wanda ya yi tambaya kuma admin ya cire shi daga zaure kafin azahar.

A Najeriya mun ga irin wannan damfara da CBEX, wani dandalin zuba jari a kirifto, wanda ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30 da sunan cewa ƙirƙirarriyar basira ce ke yin cinikin. Ya rushe a watan Afrilu na 2025, hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta bayyana cewa bai da rajista da ita, kuma bayan an hana cire kuɗi aka nemi mutane su ƙara biyan dala 100 ko 200 wai don tantance asusunsu.

Kafin mutum ya tura ko sisi, ya tambayi masanin a gaban jama'a ko yana samun wani abu idan aka shiga ta hannunsa, sannan ya nemi wani ƙwararre da ba ya cikin zauren ya duba ko kundin cinikin a buɗe yake, kuma ko ana iya fitar da kuɗin zuwa walat na kai, wato asusun ajiyar kirifto na mutum, a sayar a wata kasuwa daban. Takardar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, shaidar rajistar kamfani ce kawai, ba izinin karɓar jarin jama'a ba, don haka a duba sunan a jerin kamfanonin da SEC ta yi wa rajista. Wanda kuɗinsa ya riga ya maƙale kada ya biya wani kuɗin tantancewa, ya adana rasit da saƙonnin muryar, ya kai ƙara wajen EFCC.