Oxford, Jamus ko Amurka: Ina Za Ka Karanta Tono Tarihin Girkawa da Rumawa?

Ɗalibin da ya gama digirin farko a tarihi, zuciyarsa kuma ta karkata ga kufan Girkawa da Rumawan dā, hanyoyi uku ne a gabansa, kuma kowace da irin kuɗin da take ci.

Oxford ta fi sauri: akwai digiri na biyu na shekara ɗaya, akwai na shekara biyu. Gidan tarihin Ashmolean da aka buɗe a 1683 yana tsakiyar gari. Za ka tsaya gaban tulun Atina mai baƙin zane a kan jan yumɓu, ka ƙare masa kallo har ka fara gane hannun mai zanen. Amma kuɗin makaranta ga baƙo sai mai ƙarfi, in ba tallafi aka samu ba.

Jamus ta fi tausaya wa aljihu. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, sai dai jihar Baden-Württemberg, inda Heidelberg da Tübingen suke, tana karɓar yuro 1,500 duk zango daga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba tun 2017. Dole ka iya Jamusanci, kuma ba wahalar banza ba ce. Jamusawa ne suka soma babban tonon kufan Olympia da ke Girka a 1875, manyan littattafan fannin da yawa kuwa da harshensu aka rubuta su.

A Amurka digirin digirgir ake shiga kai tsaye, shekara biyar ko fiye, galibi har da alawus. Ƙofar ce ƙunci: suna son Latin da tsohon Girkanci tun kafin ka nema. A Najeriya, sashen nazarin Girkawa da Rumawa na Jami'ar Ibadan ne wurin da za ka fara su.

Ni dai, da za a bi ta tawa, malami zan zaɓa kafin jami'a. Wanda ke son Rumawan Arewacin Afirka ya duba Leicester a Ingila, inda David Mattingly ya daɗe yana binciken Garamantawan yankin Fezzan da ke Libiya, mutanen da suka haƙa magudanan ruwa ƙarƙashin hamada, suka yi ciniki da garuruwan Rum na gaɓar teku. Tun rikicin 2011 tono a Libiya ya yi wuya, don haka kafin ka biya ko sisi, rubuta wa sashen ka tambaya: ina ɗalibansu ke zuwa tono bana, kuma wa ke biyan kuɗin jirgi?